Na Waye Wannan Sa?

Ranar da Honarabul Falalu ya zo gidana a unguwar Asata, motarsa ta kasa shiga layinmu. A bakin kwata ya bar ta, ya tattare babbar riga ya tsallako da ƙafa, turarensa na gaba yana biye. Tun daga nesa na hango shi na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da rabona da shi tun jana'izar ubansa ba zai tsallako kwata don ya tambaye ni lafiyar gwiwa ba.

Sunana Kallamu, ni ne mayanki a tsohuwar mayankar da ke kusa da kasuwar Ogbete a nan Enugu. Uban Falalu, marigayi Alhaji Manu Sarkin Fawa, shi ya kama hannuna ya nuna mini inda ake ɗora wuƙa. A gidansa na girma, na goya Falalun nan a bayana, ya yi mini fitsari ba sau ɗaya ba. Da ya yi boko sai ya koma garin kakanninsa a Arewa, ya tsaya takara, ya ci, ya tafi majalisar tarayya. Mun yi murna kamar mu aka zaɓa. Da muka ji an ba shi kwamitin dabbobi, har sa muka kayar muka raba wa unguwa.

Sai muka fara jin sa a rediyo yana cewa tsoffin mayanku ƙazanta ce, gara a miƙa harkar ga kamfanoni. Ya yi ta turawa har abin ya tabbata. Zaɓe na gaba ya sha ƙasa. Kujerarsa ko hucewa ba ta yi ba, sai ga hotonsa a jarida: wani kamfanin nama ya naɗa shi mai ba da shawara, da albashin da ya fi na majalisar. Kamfanin nan kuwa shi ne ya gina sabuwar mayanka a bakin gari, kuma dominsa aka ce mu tattara mu tashi.

Sabuwar mayankar ta injina ce, mutum kaɗan take so. Masu fiɗa, masu wankin kayan ciki, masu babbaka ganda, masu turin baro, da matan Ibo da ke sayen kai da ƙafa tun muna samari, duk babu su a ciki. Muka kai ƙara kotu. Lauyarmu ta ce abu ɗaya ne ke riƙe da mu: ba a nemi yardar mahauta ba, kuma muddin ba mu yarda ba, shari'ar da sauranta.

Falalu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba, bai manta gaisuwa ba. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa.

"Kasuwa ai kai za a tambaya, Honarabul," na ce.

Ya yi dariya. "Haba Yaya, har yanzu ba ka daina ba? Ni fa ba ni da komai a kamfanin nan. Shawara kawai nake ba su."

"Wace shawara? Ka taɓa feɗe akuya?"

"Yaya, ba irin wannan ba. Sanin mutane, sanin hanyoyi. Haka abin yake."

Hanyoyi kam ya san su, tunda shi ya share su yana kan kujera. Na bar shi ya kai inda za shi. Ya ce ranar Asabar za a buɗe sabuwar mayanka, manyan baƙi za su zo, da 'yan jarida. Suna so hannun da aka sani ya yanka san farko. Wa ya fi ni, almajirin Alhaji Manu?

"Don a kai hoton gaban alƙali a ce mahauta sun yarda," na ce.

"Don girmamawa, Yaya." Ya gyara zama, ya sauke murya. "Af, na ga Firdausi a shagon POS ɗin nan na bakin titi. Wallahi raina ya ɓaci. Yarinyar da ta karanta lafiyar dabbobi? Muna neman mai duba nama. Na riga na yi magana, Litinin ɗin nan ma za ta iya fara koyon aiki."

Nan ya same ni, kuma ya san ya same ni. Firdausi ita kaɗai ce a cikin 'ya'yana ta yi karatu mai zurfi. Ta gama ta dawo, ta nemi aiki har takalminta ya cinye, ta ƙare da zama ƙarƙashin lema a ƙofar shagon tana cire wa mutane kuɗi. Duk lokacin da na wuce ta wurin a keke, kau da kai nake yi don kada ta ga fuskata. Ina son yarinyar nan fiye da yadda bakina ya iya faɗa mata.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ya tashi ya tafi abinsa yana murmushi. Ashe tun kafin ya zo ya kira ta a waya. Ina shiga ciki na tarar da ita da uwarta Zuliha suna ta guɗa a tsakar gida.

"Malam," in ji Zuliha da ta ga yanayina, "shanu nawa ka yanka a duniya? Wannan ɗayan ne zai kai ka wuta? Mayankar nan ko ka yanka ko ba ka yanka ba, masu kuɗi sai sun rufe ta. Gara mu tsira da wani abu."

"Kowa ya ci ladan kuturu fa dole ya yi masa aski," na ce.

"To ka yi masa askin mana! Kai kaɗai ne mai zuciya a Enugu?"

Firdausi ba ta roƙe ni ba, kuma da ta roƙa da ya fi mini sauƙi. Litinin ta tafi, ta dawo da farar riga mai tambarin kamfani, ta wanke ta duk da sabuwa ce, ta shanya a tsakar gida. Kullum ta dawo sai ta zauna tana ba uwarta labarin ɗakin sanyi da na'urar duba hanta, muryarta kamar ta lokacin da take ƙarama.

A mayanka kuwa labari ya riga ya kai. Ba wanda ya tare ni da maganar. Isah mai fiɗa, wanda muka tsufa tare a cikin jini, shi kaɗai ya ce mini, "An ce 'yarmu ta samu aiki. Allah ya sa albarka." Ya ci gaba da jan fata. Da zagina ya yi, da na rama na huta.

Asabar na yi wanka, na sa kaftanin Juma'a, na naɗe wuƙata a tsumma. Har na hau keke ban san abin da zan yi ba. Wasa wuƙar dai na yi sosai, don ko me za a yi, ba na zuwa wuri da dakusasshiyar wuƙa.

Wurin kam ya ƙayatu, ba zan hana su ba. Farin gini, tayil har bango, ruwa na zuba ta ko'ina. An kafa rumfuna, an jera kujeru masu fararen riguna kamar gidan biki. A waje kuwa, bayan shingen waya, ga mutanenmu tsaye a rana, su Isah da masu baro da matan kai da ƙafa. Ba a gayyace su ba, sun zo ne su gani da idonsu. Masu gadi suka buɗe mini ƙofa ni kaɗai suka mayar suka rufe.

Aka yi ta jawabi. Falalu ya yi nasa da Turanci, ya juya da Ibo, ya ƙare da Hausa, aka yi ta tafi. Ya ce shi ɗan mahauci ne, jinin fawa ke yawo a jikinsa, kuma ga dattijon mahauta nan ya zo da kansa ya sa albarka a madadin 'yan'uwansa. A madadinsu! Su kuwa ga su can bayan waya suna jin sa ta lasifika. Na waiwaya na ga Firdausi a layin ma'aikata da farar rigarta, ta ɗaga mini hannu kaɗan.

Aka jawo sa, wani ƙato mai tozo, lafiyayye. Aka shigar da shi cikin akwatin ƙarfen da ke riƙe dabba, wuyansa a miƙe. Masu hoto suka matso. Wani ya kawo lasifika kusa da bakina don a ji bisimillata.

Mu a wurinmu mayanki ba ya ɗora wuƙa sai ya yi tambaya da ƙarfi, kowa na ji: dabbar ta waye, kuma mai ita ya yarda? Haka muka gada, don kada hannun mutum ya shiga kayan sata bai sani ba. Ko san ubanka ne sai ka tambaya. Bakina da kansa ya yi tambayar kamar kullum.

"Na waye wannan sa?"

Falalu ya matso yana murmushi, ya san al'adar. "Na kamfani ne, Yaya."

"Mai shi ya yarda?"

"Ya yarda."

Da a nan na tsaya da an yi yanka an ci an watse. Amma na ji muryata ta fita ta lasifika ta tsallake shingen nan, kuma na san su waye ke saurare.

"To saura tambaya ɗaya," na ce. "Ranar da kake majalisa kana cewa a rufe mayankarmu, kai na waye?"

Wani babba a layin gaba ya sunkuya yana tambayar na kusa da shi me na ce.

"Yaya, ba nan ne wurin wannan ba," in ji Falalu ƙasa-ƙasa, murmushin na nan amma ya bushe.

"Nan ne wurinsa, tunda nan aka biya ka. Sa na san mai shi. Kai ne ban sani ba: sun saye ka ne bayan ka sauka, ko tun kana kan kujera aka yi cinikin, yanzu ake cika maka?" Na juya wajen masu hoto na faɗa musu da Turancin kasuwa don kada wani ya fassara mini ƙarya. "Make una write am. Butchers no gree. I no dey cut." Wato su rubuta: mahauta ba su yarda ba, ni kuma ba zan yanka ba.

Na mayar da wuƙata cikin tsumma. Bayan shinge aka ɓarke da ihu, matan Ibo har da rawa. Wani ya kashe lasifikar, amma aikin gama ya gama. Falalu ya kama hannun rigata ya ce, "Ka tuna da Firdausi." Na ce masa tun Litinin ban tuna da kowa ba sai ita, ya sakar mini riga. Na bi ta gaban layin ma'aikata zan fita, ban iya kallon inda take ba.

Su Isah suka so su ɗaga ni sama, na ce wanda ya taɓa ni sai na mare shi. Lauyarmu ta kira ta ce hoton ya bazu a waya, kuma yanzu babu wanda zai iya ce wa alƙali mun yarda. Ba ta ce mun ci shari'a ba, ta ce dai muna nan da ƙafarmu. Na ce na gode, na hau keke na koma gida.

Bayan la'asar Firdausi ta dawo da kayan gida a jikinta. A bakin ƙofar kamfanin suka karɓe rigar, manaja ya ce ta jira za a kira ta. Ni da ita duk mun san irin wannan kiran. Zuliha ta shige ɗaki ta turo ƙofa, har yau ban gama jin abin da ta tanadar mini ba.

Firdausi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ba ta rage komai ba. Idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka a gabana ba.

"Baba, na ji abin da ka faɗa. Babu ƙarya a ciki."

"Babu."

"Amma kai ka zaɓa, ni na biya."

"Haka ne," na ce.

Ta jira ko zan ƙara wani abu. Na so in ce ta yi haƙuri, na yi kuskure, amma ban yi kuskure ba, kuma ba zan fara yi mata ƙarya yanzu da furfurata ba. Na dube ta na faɗa mata abin da nake da shi.

"Da za a sake jawo san nan gobe, Firdausi, haka zan sake yi. Ki ji haushina iya son ranki, kina da haƙƙi."

"Ina ji kuwa, Baba," ta ce.

Ta tashi ta shiga ta ɗauko wayarta, ina ji tana tambayar mai shagon bakin titi ko ya riga ya sa wata a wurinta.