Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Tun asuba Mastura take tsaye. Ta dafa waken ful, ta goge wa ɗanta Mus'ab riga. Yau ce rana ta ƙarshe da yayanta Abdulghaffar ya bayar: in yaron bai zo sitonsa na ajiye kaya da ke unguwar Khumra ƙarfe tara ba, aikin da ya yi masa alkawari ya zama na wani. Shekara biyu ke nan da Mus'ab ya dawo unguwarsu Sa'alaba daga karatu a Amurka, bai tsinana komai ba sai zaman gaban talabijin.

Ta same shi a falo ya kunna wasan nan nasu, lakuros, na samari masu hular kwano suna guje-guje da sanda mai raga a ƙarshenta.

"Yau ma su ne? Ya waladi, ɗana, mutanen nan ba sa hutawa?" Ta ɗosana a hannun kujera. "Ga shi can, mai lamba goma sha huɗu. Yanzu zai yar da ƙwallon, ka gani. Astagfirullah! Kullum shi. Wallahi har a sujada nake roƙa wa makarantarku nasara, amma in ba a cire yaron nan ba, ba za su ci ba. Shi ba shi da uwa mai faɗa masa gaskiya ne?"

Mus'ab ya tsayar da hoton.

"Ummi, wasa ɗaya ne fa."

"Kamar yaya?"

"Wasan ƙarshe ne na gasar jami'o'in ƙasar. Shekara uku da yin sa. Ɗauka ce, maimaitawa nake yi."

"Wato duk addu'ar nan da nake yi, an riga an tashi?"

"An tashi." Ya sunkuyar da kai. "Sha huɗun kuma... ana, Ummi. Ni ne."

Ta dubi hular da ta rufe fuskar yaron, ta dubi ƙeyar ɗanta. Sai yanzu ta gane tsayuwar, kafaɗa ɗaya a karkace irin ta babansa. Wata nawa tana zagin yaron nan a gabansa? Ta so ta ba shi haƙuri, ta rasa ta inda za ta fara, ga lokaci yana tafiya.

"To, ka yar. Halas, ya wuce. Sau nawa za ka yar da shi a falona?" Ta zare wayar talabijin daga bango. "Yalla, tashi. Kawunka ba ya jira."

Ya daɗe yana kallon baƙin gilashin. Can ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko ta wace ƙofa ake shiga siton.