Rabin Waƙar Zagorka

Duk garinmu Surdulica an san ni da baki, ban kuwa taɓa musu ba. To amma abin da ya faru da maƙwabcina Radoye, ni ce na gan shi tun daga farko, gara ku ji daga gare ni kafin matan bakin famfo su ƙara masa gishiri.

Radoye shi ne shugaban masu busan unguwarmu. Tun yana saurayi ƙahon tagulla yake busawa, ba a ɗaukar amarya ko gawa sai yana gaba. Sai haƙoransa na gaba suka zube. Ya sa na roba, amma ƙaho yana son a danna shi a leɓe da ƙarfi, da ya danna sai haƙoran su goce. A wani biki har suka faɗo gaban dangin ango. Na yi dariya, kowa ma ya yi. Daga ranar ɗan ƙanwarsa Dragisha ya karɓi shugabanci.

A kakar nan, lokacin da ake gasa tattasai, likitoci suka sallamo matarsa Zagorka, suka ce a kai ta gida ta huta. Mun san fassarar wannan. Na shiga duba ta, na tarar tana yi masa faɗa daga kwance.

"Da busarka ka ɗauko ni daga gidan ubana," ta ce, "da ita za ka kai ni makwancina. Waƙar nan dai ta ranar. Ban yarda da Dragisha ba, busa yake kamar ana bin sa da gudu."

"Da wane bakin, mata?"

"Nemo abin busan da ba ya buƙatar haƙori mana, tsohon banza. Persida, bi shi birni, kar ya sayo mai ƙyalli."

Ni da ko ba a ce in je ba sai na je.

Muka hau bas zuwa birnin Nish, wurin wani mai gyaran kayan busa, Tihomir. Ya san Radoye, har ya miƙe ya ba shi kujera. Da ya ji sakisafon muke nema, abin busan nan mai maɓallai, sai ya ce, "Na jika ne, maigida?"

"Na wannan jaririn ne," na ce, na nuna masa mai furfura.

Ba wanda ya yi dariya. Tihomir ya sauko da guda biyu. Ɗaya babba, sabo, yana walƙiya har kana ganin fuskarka. Ɗaya ƙarami, duk ya dushe, da lotsawa a gindinsa. Radoye ko kallon ƙaramin bai yi ba. Ya rataya babban a wuya, ya gyara tsayuwa kamar yana gaban jama'a, ya tattara leɓe ya danna yadda ya saba. Abin ya yi wani ƙara, karen maƙwabta ya amsa.

"Sassauta, maigida," in ji Tihomir. "Wannan ba a yi masa ƙarfi. Ɗan siririn karan nan na bakinsa shi ke rawa, kai iska kawai za ka ba shi. Duk abin da leɓenka ya sani, manta da shi."

"In manta? Kana cikin zanen goyo nake busa."

"Na sani. A bikin iyayena ma kai ka busa. Shi ya sa nake faɗa maka gaskiya. Babban yana cin iska, yana da nauyi, sai ka shekara kafin ya saurare ka. Ƙaramin ya fi saurin yarda da ɗan koyo."

Radoye ya yi ta shafa babban. Can ya ce, "Wanne zai ba ni waƙa guda kafin ƙanƙarar hunturu ta sauko?"

Tihomir ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya miƙa masa ƙaramin. Wannan karon Radoye ya hura a hankali, murya ta fito siririya, tana rawa, amma murya ce. Shi muka ɗauko. A bas ya rungume akwatinsa a cinya har gida.

A rumfar itacen wuta yake koyo, bango ɗaya tsakaninsa da gadon Zagorka. Mutumin da yatsu uku suka ishe shi a ƙaho, yanzu ga maɓallai birjik, yatsun kuma sun sandare. Yaran Dragisha in sun wuce sai su ɗaga murya, "Kawu, agwagwar ba ta mutu ba har yanzu?" Ni ke leƙowa ta taga in zage su har kakanninsu.

Ina kai wa Zagorka miya kullum. Mukan yi shiru mu saurara.

"Persida, kin ji?" ta ce wata rana, tana dariya tana riƙe ciki. "Kamar an taka wutsiyar kyanwa. In kika gaya masa sai na dawo na shaƙe ki."

"Kin san bakina."

"Na san shi. Riƙe wannan ɗaya dai."

Bayan ɗan lokaci farkon waƙar ya soma fitowa sosai. Ranar da ya fito ba tuntuɓe, ta rufe ido tana motsa ƙafa a ƙarƙashin bargo. Inda waƙar ke hawa sama, nan yake maƙalewa kullum, sai ya koma farko. "Zai kai," ta ce. "Ni dai ce ban sani ba."

Ba ta jira ba. Ƙanƙarar farko ba ta ma sauko ba.

Ranar jana'iza Dragisha ya zo da mutanensa cikin baƙaƙen kaya, ya ce, "Kawu, ka fara, in ka kai inda ka tsaya mu ƙarasa maka." Radoye ya girgiza kai. Ya shiga gaban akwatin gawar da ƙaramin sakisafon ɗinsa, ya busa rabin da ya iya. Ya kai wurin hawan, ya tsaya, ya ja numfashi, ya koma farko. Haka har maƙabarta, hanyar kuwa da tsawo ga tudu. Wani yaro ya ɗaga ƙahonsa zai karɓa, Dragisha ya dafe masa hannu. Mai ganga kaɗai ya bi shi a hankali. Matan da na san sun zo da dariya a baki, ba wadda ta yi.

Aka raba dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci, kowa ya watse. Na ɗauka Radoye zai mayar wa Tihomir kayansa. Washegari da hantsi sai na ji shi a rumfar itace.

Ya wuce wurin hawan a tsakiyar hunturu. Ina wanke tukunya na ji waƙar ta tafi har ƙarshenta. Na tsaya da hannu cikin ruwa, ina jiran in ji ko zai sake. Sai na ji ya buɗe ƙofar ɗakin Zagorka, ya daɗe bai rufe ba.