Ƙarshen Benci

Shekara goma sha shida Wendell Kosek ya yi yana jifa a babban rukunin besbol, wasan ƙwallo da sanda na Amurka, kuma sau biyu ya gama wasa ba wanda ya bugi ƙwallonsa ya tsira. A irin wannan rana akwai al'ada. Da an ga mai jifa ya kama hanya, sai abokan wasa su janye jiki su bar masa ƙarshen benci, ba mai ce masa uffan, kada baki ya ɓata sa'a. Wendell ya sha faɗa cewa bai taɓa jin ana ƙaunarsa kamar a cikin wannan shirun ba.

Kuskurensa, ya kwaso abin ya kai gida. Ranar da zai yi jifa, ba mai yi masa magana. Daga baya har jajibirin ya haɗa. 'Yarsa Colleen tun tana shekara huɗu ta iya tafiya da sanɗa. Da kafaɗarsa ta lalace ya dawo Toledo yana sayar da motoci, amma shirun bai bar gidan ba. Matarsa Marlys ta jure har Colleen ta gama sakandare, sannan ta tattara kayanta.

Yanzu yana da shekara sittin da shida, shi kaɗai a gida mai ɗaki biyar. Da hannun hagu yake aske gemu, don na dama ba ya ɗaguwa.

Sai ga wayar Colleen wata Talata. Ciwon dajin da aka yi mata aiki a kai shekara uku da suka wuce, an auna sau biyar ba a ga komai ba, jibi za a ba ta sakamako na shida. Mijinta direban babbar mota ne, ya yi tafiya. Ta ce ba dole ba ne ya zo, in yana da abin yi.

Ya riga ta isa asibitin da awa guda. Da ta zauna a kujerun jira, ya lissafa a ransa: biyar a jere, ba ko ɗaya da ya ɓaci. Ya tashi ya koma kujerar ƙarshe, ya naɗe hannu, ya kafe bango da ido.

Wani mai tumbi da hular ƙungiyarsu ta da ya leƙo fuskarsa.

"Kai, tsoho, ba kai ne Kosek ba? Na zaci ka mutu!"

"Kafaɗar ce kawai ta mutu," in ji Wendell.

Minti goma suna ta hira, har da dariya, har Wendell ya sa masa hannu a bayan takardar magani don tunawa. Da mutumin ya tafi, ya koma ya yi tsit.

"Baba," in ji Colleen, ba ta ko juyo ba. "In can za ka zauna, me ya kawo ka?"

Ya so ya yi shiru, amma ta riga ta karya al'adar. A hankali ya ce mata tana kan jifa mai kyau ne, ba a magana, haka ake yi wa wanda ake so ya kai ƙarshe lafiya.

Ta juyo ta dube shi.

"Ashe abin da kake yi ke nan duk shekarun nan? Ni ba wasa nake ba, Baba. Tsoro nake ji."

Kujeru huɗu ne tsakaninsu. Ya miƙe, gwiwa tana ƙara, ya zo ya zauna kusa da ita. Ya buɗe baki, ya rasa ta inda ake farawa, sai ya tambaye ta ko ta karya kumallo. Ta ce a'a. Ya ce shi ma.

Nan nas ta leƙo ta kira sunanta. Ya yunƙura zai raka Colleen, ta ce ya bari, ta saba shiga ita kaɗai. Amma ta cire rigar sanyinta ta ɗora masa a cinya.

Ya zauna riƙe da rigar, yana haɗa abin da zai ce mata in ta fito, yana maimaitawa a ƙasa-ƙasa don kada ya manta.