Kafinta da Na'urarsa Mai Kunne Ɗaya

Tun ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya nuna masa da bakin biro, Kafinta bai ƙara iya zama wuri ɗaya ba. Likitan bai ja magana ba. Ya ce sigari ya isa haka, kuma kullum da safe ya fita ya taka ƙasa har sai ya yi gumi. Kafinta ya ce to. Yana fitowa ya jefa kwalin da ke aljihunsa cikin kwandon shara yana jin kansa namiji, amma kafin ya isa gida hannunsa ya kai aljihun nan ya dawo ba adadi.

A shago abin ya fi muni. Sai ya ɗauki zarto ya ajiye, ya ɗauki guduma ya manta abin da zai buga. Ya auna katako, ya sake aunawa, ya kuma yanke shi a karkace. A da, in aiki ya cushe masa, bayan shago yake zagawa inda babu garin katako, ya kunna kara ɗaya, kafin ya ƙare dabara ta zo. Yanzu in ya zaga sai dai ya tsaya yana kallon bango.

A gida kuwa daga ɗaki ya yi tsakar gida, daga tsakar gida ya yi bakin ƙofa, ya dawo ya buɗe tukunya ya rufe.

"Maigida, don Allah ko ka zauna ko ka fita," in ji matarsa. "Kana ta zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, har ka sa ni jiri."

Tafiyar safen ma ba ta yi masa daɗi ba. In ya fita da waya, bai kai kwanar layinsu ba masu aiki sun fara kira: wannan na jiran ƙofa, waccan na jiran kabad ɗin kicin da ya yi mata alkawari tun tuni. Kowane kira sai ya ji maƙoshinsa ya bushe. In kuma ya bar wayar a gida, shirun ne ke cinsa, ba ya jin komai sai numfashinsa da tunanin hayaƙi. Abin da yake so shi ne wani abu da zai yi masa waƙa a kunne amma ba wanda zai iya kiransa ta ciki.

Ya shiga layin masu sayar da kayan waya, inda kowane shago ke rataye da caja kamar yanar gizo. Masu kyan ya ji kuɗinsu ya yi gaba. A can ƙarshen layi wani mai shago mai bakin ciniki ya zaro masa wata 'yar na'urar jin waƙa, irin wadda ake kira empi-tiri, shuɗiya, ba ta fi kwalin ashana ba.

"Kawu, wannan ba ta da laifi. Ka sa mata memori, ka sa iyafis a kunne, shi ke nan. Batirinta sai ka gaji da ji."

Ya juya ta a hannu. Ba nauyi, kamar ba komai a ciki. Shi mai aikin katako ne, ya san abin da rashin nauyi ke nufi, amma da ya jefa ta aljihun gaba sai ta zauna daidai inda kwalin sigari yake zama. Wannan ne ya sa ya biya. Ya haɗa da memori mafi girma da ke shagon, ya kai wa mai tura waƙa na gefe, ya tsaya a kansa yana lissafo masa waƙoƙin da yake ji tun yana saurayi.

Matarsa ta karɓa ta duba gaba da baya. "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai," ta ce, ta miƙa masa.

Ya kunna. Ɗan gilashin ya kawo haske, sai ga wani rubutu da bai taɓa ganin irinsa ba, kamar tururuwa sun faɗa tawada. Ya danna dama, ya danna hagu. Wani shuuu ya cika masa kunne har ya zabura, ashe rediyo ya shiga. Ya fita da ƙyar, ya faɗa wurin agogo, ya faɗa wani wurin da na'urar ta fara ɗaukar muryarsa yana tsaki. Abinci ya huce a gabansa. Sai da ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, yana shiga yana fita, kafin ya dace da inda ake canza harshe. Ya yi murmushin farko tun barinsa asibiti. Ya shiga wurin waƙa, na'ura ta ce babu komai.

Ya cire memorin ya hura masa iska ya mayar. Babu komai. Ya goge shi da gefen riga. Babu komai. Ya sa shi a wayar matarsa, sai ga waƙoƙi reras, har ta fara kaɗa kai.

"To ka ji a wayata mana."

"Ba don wayarki na saya ba."

Washegari bai buɗe shago ba, ya koma layin. Mai shago ya karɓa, ya duba memorin, ya yi dariya.

"Kawu, ai wannan ya fi ƙarfinta. Ƙarami take ɗauka."

"Ba kai ka sayar mini da shi ba?"

"Kai ka ce a ba ka babba. Ni kuma ba na musu da manya."

Zuciya ta ɗebi Kafinta har ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya buɗe baki zai yi abin da zai tara jama'a, sai tari ya sarƙe shi, ya dafa kantar shagon yana yi har idonsa ya kawo ruwa. Mai shago ya daina dariya. Ya miƙo masa ruwa, ya canza masa memorin da ƙarami, ya kai da kansa aka sake tura waƙoƙin.

A nan bakin shagon na'urar ta yi waƙa. Muryar da ya sani tun yana koyon riƙe zarto ta shigo masa kunne tangaram, ya tsaya tsakiyar layi masu wucewa na bangaje shi bai ji ba.

Da safe ya fita da ƙarfinsa. Ya wuce makaranta, ya wuce gidan mai, ƙafarsa na bin kiɗa. Wajen gada kunnen hagu ya ɗauke. Ya taɓa bakin wayar iyafis, ya dawo. Ya saki, ya ɗauke. Haka ya ci gaba da tafiya da babban yatsa a kan aljihu kamar mai ciwon zuciya, har wata tsohuwa ta tsaya ta tambaye shi ko lafiya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a kan hanyar dawowa waƙa ta maƙale a kalma ɗaya, tana ta nanata ta, ta-ta-ta-ta. Ya danna kashewa, ta ƙi mutuwa. Ya danna duk abin da ke dannuwa. Ya fizge iyafis ɗin daga kunne, ya ɗaga kai, sai ya ga inda yake tsaye. Gaban teburin mai sigarinsa ne na shekara da shekaru.

"Kafinta! Kwana biyu. Na ce ko ka yi tafiya."

Bai san lokacin da ya ce a ba shi kara ɗaya da ashana ba. Ya zaga bayan wani gini, ya kunna, ya ja. Na farko ya sauka har tafin ƙafarsa. Na biyu ya taso da tarin nan, mai zafi, mai fitowa daga can ƙasa. Ya tsaya yana kallon karan yana ci a hannunsa, yana jin haushin na'ura da haushin kansa. Ya yar da shi ya murje da takalmi, ya nufi shago.

A kan bencin aiki ya kwantar da ita, har yanzu tana ta-ta-ta a cikin iyafis. Ya sa tabarau ya bi jikinta kamar yadda yake bin katako yana neman tsaga. A gefe ya ga wani ɗan rami kamar na allura. Ya fiƙe tsinken ashana da aska ya zura. Ta mutu. Ya kunna, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba, sai dai ta koma rubutun tururuwa. Wannan karon ya san hanya.

Saura kunnen hagu. Ya gane ramin iyafis ɗin ne ya yi wa bakin wayar yawa, yana lilo a ciki. Ya fere ɗan siririn katako kamar farce ya cusa a gefe. Ya kama. Ya girgiza ta, ya yi tsalle da ita a aljihu, kunne biyu na aiki. Yana cikin tsallen matar nan mai kabad ta leƙo.

"Au, rawa ma kake yi? Ni ina can kwanukana a ƙasa?"

Ya ba ta haƙuri, ya rantse mata da ƙarshen mako. Da ta tafi ya sa waƙa, ya ɗauki zarto, ya yanke katakon kabad ɗin daidai.

Da ya koma gida matarsa ta karɓi rigarsa, ta kai hanci, ta dube shi.

"Rabi ne," ya ce. "Ban ma kai rabi ba."

"Ni na tambaye ka?"

Ranar ba ta yi masa dariyar na'ura ba, kuma shi ya fi jin wannan a jikinsa fiye da faɗa.

Daga nan zama ya yi zama tsakaninsa da 'yar shuɗiyar, irin zaman haƙuri. Batirin da aka ce sai ya gaji da ji, iyakarsa gada da dawowa. Waƙoƙi ba ta bin jerin da aka tura su, wadda ta ga dama take sakowa, akwai kuma guda biyu da ta ƙi su ƙiri-ƙiri. Ɗan katakon yakan faɗi, kunnen hagu ya tafi, sai ya fere wani. Ya canza hanya ya daina bi ta gaban mai sigari. Sha'awar ba ta bar shi ba, takan taso masa bayan cin abinci ko in mai aiki ya ɓata masa rai, sai ya zaro na'urar ya yi ta danne-danne ko ba abin da ya lalace, har ta lafa. Tarin ya ragu. Ya fara wuce gada.

Wata ranar wanki matarsa ta taso daga bakin baho hannunta duk kumfa, tana riƙe da wani abu shuɗi yana ɗigar ruwa.

"Maigida... ban laluba aljihun ba."

Ya karɓa. Ruwa ya kwanta a cikin gilashin. Ya buɗe bayanta ya shanya a rana, ya zura tsinke a ramin, ya sa caji, ya kara a kunne. Ko motsi. Ya shiga ɗaki ya fito, ya shiga ya fito. Ita kuwa tana tsaye bakin igiyar shanya tana satar kallonsa, tana kallon ƙofar gida, don ta san inda ƙafarsa za ta iya kai shi. Bai fita ba. Ya zauna a kan turmi yana kaɗa ƙafa har rana ta faɗi.

Da gari ya waye ta ji yana ɗaura takalmi. Ta yafa mayafi ta biyo shi.

"Ina kuma za ki?"

"Ni na kashe maka mai waƙa, ai sai in biya. Zan yi maka hira."

"Ba ki iya saurina ba."

"Mu gani."

Suka fita. Yana gaba tana baya, tana ba shi labarin rigimar maƙwabta da ƙanwarta da ke son canza wa 'ya'yanta makaranta, yana amsawa da uhm. Kafin gidan mai ta fara haki. Ya rage sauri ba don ya so ba, yana waiwaye, yana taɓa aljihu.

"In mun dawo zan leƙa layin nan," ya ce. "An ce akwai wata baƙa, ta ɗan fi wannan nauyi."

"Ka dai tambayi girman abin da take ɗauka tun a can," ta ce. "Kuma ka tsaya in huta, ƙafata za ta cire."