Ruwan Gugar Baba Maulud

Kwamfutar ofishin aika kaya da ke unguwar Al-Jaradiya a ƙasar Larabawa tana da halin tsiya. Yau a danna ta tashi garau, gobe a danna ta tsaya da baƙin allo tana ƙifta ɗan layi, an yi juyin duniya ta ƙi. Sha'aban ne magatakardan ofishin, kuma shi ake wa kallon masani, don ya taɓa zaman wata shida a shagon gyara a Kano. Ya canza batirin ciki, ya zare ram ya goge, ya sauya waya. Ta yi kwana biyu lafiya, ta koma gidan jiya.

Ranar da kafilinsu Abu Fahad, mai ofishin da suke kira mudir, ya ritsa shi da tambaya, kunyar cewa bai sani ba ta kama shi. Ya waiga ya ga Baba Maulud, dattijon Maraɗi mai shara da dafa shayi, yana matse tsumma.

"Danshi ne, ya mudir. Ruwan guga ke shiga ta ƙasa."

Ko tunani bai yi ba ya faɗa. Abu Fahad kuwa dama ya cika ya batse, sai ya ce halas, magana ta ƙare. Ya ƙi sabunta iƙamar tsohon, takardarsa ta izinin zama, cikin sati uku aka buga masa bizar fita, bayan shekara goma sha ɗaya yana wannan shara.

Lahadin farko bayan tafiyarsa, ƙasa a bushe ƙamas, kwamfuta ta ƙi tashi.

Sai yanzu gwanin namu ya yi abin da ya kamata tun farko, ya shiga cire duk abin da ke jone da ita ɗaya bayan ɗaya. Ya cire firinta, shiru. Ya cire sikana, shiru. Ya zura hannu ta baya, yatsansa ya taɓo filas. Nasa ne, wanda yake ajiye hotunan 'ya'yansa. Wata rana ya tafi da shi gida, wata rana ya manta shi a jiki, in kuwa yana jiki sai injin ya tsaya neman tashi daga kansa. Ya zare, ta tashi. Ya mayar, ta ƙi. Sau biyar yana gwadawa, yana fatan ta ƙaryata shi.

Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. A na huɗu ya kira Maraɗi, ya shirya zai faɗi komai.

"Ɗana Sha'aban!" in ji tsohon cikin murna. "Injin nan fa, ya samu lahiya?"

"Ya samu, Baba."

"Alhamdulillahi. To ka gani, ashe dai ni ne. Abin na damuna har yanzu. Ka roƙa mini gafara wurin mudir, wallahi ban sani ba."



"Zan gaya masa, Baba," in ji Sha'aban.