Katangar da Ba a Shafe Ba

Ana gab da gama ginin sabon asibiti ƙanin mijinta ya zo mata da tayin musayar shago. Nasa yana bakin titi, daidai inda motocin kayan gini ke shiga, inda kowa ya ɗauka nan za a sa ƙofa. Nata yana lungun baya, yana fuskantar doguwar katanga. Sabulu, filas da kwanuka take sayarwa, tun rasuwar mijinta da shi take riƙe 'ya'yanta.

"Matar yaya, tausayinki nake ji," ya ce, yana ɗaga wani filas yana dubawa. "Mai zuwa dubiya ba ya shiga hannu rabbana, a bakin ƙofa yake sayayya. Ki koma can ki ci kasuwa."

"Kai kuma ka ci me? Katanga?"

"Ni namiji ne, zan yi maneji."

"Yaushe ka fara tausayi? Kai da ko ruwa ka ba mutum sai ka leƙa kofin."

Ya yi dariya, amma ya ce amsa yake so kafin ƙarshen mako. Wannan gaggawar ce ba ta kwanta mata ba.

Ta tambayi mai walda, wanda aka ba aikin ƙofofin asibitin, inda za a sa babbar ƙofa. Ya ce shi awo kawai aka ba shi a takarda, ya ci gaba da aikinsa bai ɗago ba. Ta lura abincin da ke gefensa a cikin kular gidan ƙanin mijinta yake.

Washegari da safe ta tsallaka lungun ta bi katangar da ido. An shafe ta da siminti daga farko har ƙarshe, ban da wani yanki mai faɗin mota biyu, daidai saitin shagonta. Ginshiƙan da ke gefensa sun fi sauran kauri. Ta kankari tsakanin bulo da makullinta, yashi ya zubo.

Wani magini yana wanke shebur a kusa.

"Malam, nan simintin ya ƙare muku ne?"

"Toshewa ce kawai, Hajiya, saboda ɓarayin rodi. Ran da aka kawo ƙofa, ƙafa za mu sa mu ture."

"Can bakin titi fa?"

"Wannan hanyar tifa ce. Rufewa za a yi. Gudun motocin titin ya yi wa marasa lafiya yawa."

Da yamma ƙanin mijin ya dawo da lemo a leda.

"Ka kai wa mai walda," ta ce. "Ni ina nan a lunguna."

Ya dubi katangar, ya dube ta, ya ɗauki ledarsa ya tafi.

Mai guga da ke maƙwabtaka da ita ya leƙo. Ya daɗe yana cewa zai saki shagonsa, lungun ya mutu.

"Hajiya, na ga kina tonon katanga ɗazu. Akwai labari ne?"

"Ƙadangare na kora," ta ce.

Ta jira ya koma ciki, sannan ta ja mayafinta ta rufe shago da wuri, ta nufi gidan mai shagunan don ta ji yaushe hayar mai guga za ta ƙare.