Muciyar Dorkas a Bakin Teku

Ranar Asabar da safe Dorkas ta ɗauko babbar muciyarta, wadda ba ta fitowa sai za a tuƙa tuwon taron coci, ta jefa ta a but ɗin mota tare da kula da tabarma. Mijinta Bot ya dubi muciyar, ya dubi matarsa, ya tambaya ko kifayen tekun Chesapeake za a tuƙa wa tuwo. Ko kallo bai ishe ta ba. Shekara goma sha shida suna tare, ya san wannan fuskar, sai kawai ya ta da mota.

'Yarsu Abby, mai shekara tara, ita ce ta fito da su daga Hyattsville, garin da suke zaune a ƙasar waje. Makon jiya an kai 'yan ajinsu koyon iyo, yara suka yi ta faɗawa ruwa, ita kuwa ta maƙale a jikin ƙarfen bakin ruwan, ta ce wa malama ruwa yana haɗiye mutane, uwarta ce ta faɗa mata. Dorkas tana bakin aikin jinya a asibiti malamar ta kira ta maimaita mata maganar. Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya, don ba ƙarya yarinyar ta yi ba.

A Bukuru Dorkas ta girma, inda tsofaffin ramukan haƙar kuza suka cika suka zama tafkuna. Ruwa ne kwance luf, bakinsa iya idon sawu, amma taku ɗaya gaba babu ƙasa. Masu wanki ba sa ɗaga ƙafa sai sun zungura sanda sun ji. A nan ruwa ya tafi da ƙanenta Longji, tana tsaye a gaɓa riƙe da takalmansa. Tun daga ranar, ruwan da ya fi ƙarfin bokiti bai sake taɓa jikinta ba. Tsoronta ne, ta yarda ta mutu da kayanta, amma ba za ta bar wa Abby shi gado ba. Yau za ta shiga ruwa a gaban idon yarinyar, ko da zuciyarta za ta faso ƙirji.

Tafiyar kusan awa ɗaya ta kai su wani ƙauye a bakin teku. Ƙauye ne da gaske, titi biyu da coci, sai shagon askirim da gidan abincin da ake fasa ƙaguwa da guduma. Akwai doguwar gadar katako da ta shiga cikin ruwa, tsofaffi sun jera a kanta da ƙugiyoyinsu, ga banɗaki mai tsabta da famfon wanke ƙafa a bakin yashi. Dorkas ba ta ga ko ɗaya ba. Ruwan kawai take kallo, wanda ba a hango ƙarshensa, kuma ya kwanta luf irin kwanciyar da ta sani.

Abby ta zauna can ƙarshen tabarma ta juya wa ruwan baya. Dorkas ta ɗaure zane a kan wandonta, ta ɗauki muciya.

"Baban Abby, kada ka biyo ni. Ka zauna da ita, ka sa ta kalle ni."

Ta isa inda yashi ya jiƙe. Ta miƙa muciya ta zungura, ta ji ƙasa, sannan ta taka. Ruwan ya lashi ƙafarta, ɗumi gare shi, ba sanyin da take tsammani ba. Ta sake zungurawa, ta sake takawa. Wata ƙatuwar mace da zane da muciya tana lallaɓawa cikin ruwan da jarirai ke wasa a ciki, dole a kalla. Wani tsoho mai hular kamun kifi ya tambayi Bot ko wani abu matar ta yar, Bot ya ce e, tun tuni, nema take.

Abin da ta shirya shi ne ta gano bakin ramin, inda ƙasa ke yankewa, ta tsaya a kansa ta nuna wa Abby cewa ga iyaka, daga nan zuwa gaɓa babu abin tsoro. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai ruwan da ba shi da rami ba. Ruwa ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Gumi yana zuba mata a ido, bakinta yana ta addu'a ba ta ma san me take roƙo ba. Kowace zungura sai ta ce wannan ce, muciya kuma ta sauka a kan yashi. Can gabanta nesa wata tsohuwa tana tsaye tana hira da ƙawarta, ruwan iya ƙugunsu.

Wani kwalekwale mai inji ya wuce, igiyar ruwansa ta zo ta daki cinyarta. Ta ƙame, ta rufe ido, ta ga takalman Longji a hannunta. Tsoro ya ce mata ta juya. Ta dafe muciya da hannu biyu, ta ƙi.

Sai ta ji an ja zanenta ta baya. Ta waiwaya. Abby ce, ruwa iya cikinta, ta bi sawun uwar tun daga gaɓa. Yarinyar da ko ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, ta ɗaga kai ta ce, da karyayyen harshenta:

"Momi, akwai ƙasa."

Hawaye suka zo wa Dorkas, ba ta share ba. Shekara talatin da wani abu tana jiran wanda zai faɗa mata haka.

"Akwai, Abby. Har can akwai."

Ta saki muciyar, ta bar ta tana yawo a kan ruwa, ta kama hannun 'yarta. Sannan ta ɗaga ƙafa ta taka gaba, ba ta zungura ba.